Ranar da Goggo Ta Miƙa wa Baƙo Cikin Kwamfutata a Tire

Jama'a, kafin kowa ya fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, ku bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Masu cewa ba ni da tausayi, akwai ƙamshin gaskiya a maganarku, amma ku ɗan jira ku ji irin gidan da Allah ya ajiye ni.

Kwamfutata ce ta fara ciwo. Tsohuwar laftof ce, tun ina jami'a muke fama da juna, gefenta ɗaya ma ya tsage na ɗaure da salatif. Amma duk rayuwata a cikinta take. Zanen gine-gine na karanta, kuma bayan na gaji da zaman gida har kujerar falo ta san nauyina, wani kamfani ya kira ni. Suka ce ranar Litinin da safe in zo da gidan da na zana, su shiga ɗaki-ɗaki a kan sikirin, su juya shi gaba da baya, daga nan su yanke ko za su ɗauke ni aiki. Manhajar da nake zanen da ita nauyi gare ta, duk gidanmu da na ƙawayena babu kwamfutar da za ta iya ɗaukarta sai wannan tsohuwar tawa.

Ranar Juma'a ina cikin gyara matakalar bene, sai sikirin ya cika da layi-layi, kore da ruwan hoda, kamar yaro ya samu alli da bango. Na kashe na kunna, ta dawo. Can kuma ta sake. Kafin Asabar da rana ta yi baƙi ƙirin: fanka na juyawa, fitila na ci, hoto babu. Na rungume ta na tafi wajen mai gyara, ya leƙa ya dawo min da ita.

"Cif ɗin hoto ne ya saki," in ji shi. "Sai an sauya fanel gaba ɗaya, kuma sai an yi oda. Ki ba ni makonni."

"Makonni? Malam, jibi nake so!"

"To akwai masu gasa shi, wani lokacin ya kama. Ni dai ba na yi. In ta mutu a hannuna, wuyan rigata za ki riƙe."

Na dawo gida na zauna na bi bidiyon masu gyara ɗaya bayan ɗaya har na gane abin da yake nufi. Fanel shi ne koren allon nan da ke cikin kwamfuta. A kansa akwai wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, shi ne cif ɗin da ke haɗa hoto. A ƙarƙashinsa ƙananan ɗigon dalma ne suka riƙe shi, to yawan zafi da sanyi na shekaru shi ke sa su tsattsage. Idan aka hura musu zafi suka narke, sai su sake kamawa. Sharaɗi ɗaya ne: da zarar an gama, ba a taɓa shi, ba a ɗaga shi, sai ya huce sarai. Ba gyara ba ne na har abada, kowa ya faɗa. Ni kuwa ba har abada nake nema ba, Litinin nake nema.

To yanzu bari in gabatar muku da ɗaya ciwon kan nawa.

Goggo, yayar Baba, ta zo mana kwana biyu, kuma wannan kwana biyun tun bara ake cikinsa. Ita ta kawo zancen aurena da ɗan ƙawarta, mai shagon magani. Baba ya ce shi ba ya yi wa kowa dole, kuma gaskiya bai yi ba. Sai dai a gidanmu ba a buƙatar dole, ajiyar zuciyar Umma kaɗai ta isa ta rusa katanga. In na ce ina jiran aiki, ta ce, "To in aikin bai samu ba, ai ga wani aikin Allah ya kawo har gida." Goggo kuma in ta riƙe waya da uwar yaron, irin yabon da take min ko ni ba na gane kaina. Wai ba na ɗaga murya. Wai kek ɗina in ka ci sai ka manta sunanka. Ni da ko ƙwai in na soya sai an buɗe taga!

Shi kuma bawan Allah, ba muni gare shi ba, ba rashin kunya. Abin da ke kashe ni saƙonsa ne. Kullum safiya, kafin in buɗe ido:

"Barka da asuba. Da fatan an tashi lafiya. Kada a manta da shan ruwa."

Kullum. Ko waƙafi ba ya sauyawa. Har na ajiye lambarsa da suna Shan Ruwa. Ni kuma amsata ɗaya ce, "Yawwa." Mutum ya yi wata da watanni yana neman aurenki amma hirarsa ba ta wuce takardar da ake sakawa a kwalin magani ba?

Ranar Asabar ɗin nan da yamma, ina zaune na tasa gawar kwamfutata a gaba, sai ga shi:

"In sha Allah gobe bayan la'asar zan zo gaishe da Baba. Me ake yi yanzu?"

Na ce yawwa, yau zan kore ka da hannunka. Na zauna na rubuta masa bayani mai tsawon igiyar shanya: fanel, cif, dalma, yadda ake naɗe allo da foyil, takardar ƙarfen nan ta rufe abinci, a bar ƴar taga, yadda ake hura zafi. Na tabbata kafin ya kai rabi barci ya ɗauke shi. A ƙarshe na rubuta, "Kuma in yana da zafi aka girgiza shi, ko aka ɗaga, ko aka sauke, dalmar ta zame, shi ke nan ta mutu, aikina ma ya mutu. Abin da ake yi ke nan."

Amsarsa ta zo: "To. Allah ya ba da sa'a. A kula da hannu, zafi ba wasa ba."

Na ja tsaki har Umma ta leƙo ta ce da wa nake.

Ranar Lahadi na so in gama komai da safe. Amma Yayana, wanda ya yi alkawarin aro min bulowa wajen abokinsa, irin wadda masu gyaran waya ke hura iska mai zafi da ita, bai shigo ba sai bayan azahar, yana tafe yana sakace haƙori.

"Ga ta nan, Bakanikiya. In kin ƙona gidan, ki fara fitar da takalmana."

Matsala ta biyu, duk gidan soket ɗin falo ne kaɗai ba ya tartsatsi. Baba kuwa ya haramta min aiki a falonsa tun ranar da na ƙona masa kafet da ƙarfen liƙin dalma, har yau tabon na nan a ƙarƙashin kujera. Allah ya taimake ni ya fita duba wani abokinsa da ba shi da lafiya. Na buɗe kabad ɗin Umma na zaro babban tirenta na ƙarfe, mai zanen furanni a gefe, wanda ba ya fitowa sai an yi baƙin kunya. Shi kaɗai ne shimfiɗaɗɗe da zafi ba zai narkar ba.

Na kwance notinan na jera su a faranti yadda na ciro su. Na cire batir, na cire ma'ajiyar aikina na kai ɗaki na sa a ƙarƙashin filo. Fankar kuwa da na buɗe, ƙurar da ke ciki ta isa a cusa ƙaramin matashi, ashe shi ya sa take ta zafi. Na kankare busasshen man da ke kan cif ɗin, na naɗe fanel ɗin da foyil na bar masa ƴar taga daidai kansa, na dunƙule foyil na yi masa ƙafafu na ɗora a tire, a kan teburin tsakiya.

Sai ga Umma a bakin ƙofa, doguwar rigata ruwan zuma a kafaɗarta, mayafi da ɗankwali a hannu.

"Innalillahi! Tirena? Ke wai yaushe za ki yi hankali? Mutum na hanya ke kina zaune da tsohuwar rigar Yayanki, hannu duk baƙi kamar mai facin taya!"

"Umma, yanzu zan gama. Ai sai bayan la'asar ya ce."

"Tashi ki yi wanka!"

"Umma, aikina ne fa, gobe ne."

"Aikinki, aikinki. Da bakinki da aikinki duk ku tashi min daga falo."

Ban tashi ba. Na yi bisimillah na kunna bulowa. Daga nesa na fara, ina zagaya tagar nan a hankali, ina matsowa kaɗan-kaɗan, don in ka tsaya wuri ɗaya ka ƙona, in ka yi nisa dalma ba ta narke ba. Gumi na shiga min ido ban isa in share ba. Wani ƙauri-ƙauri ya tashi. Bakina na addu'a, Umma na tsaye a kaina tana lissafo min ƴaƴan ƙawayenta da suka yi hankali. Da na ga ya kai yadda masu bidiyo suka ce, na ja baya a hankali na kashe. Yatsana ya ɗan gogi tsakiyar tiren, na yi tsalle na sa shi a baki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: na san zafin tiren nan.

Ban ko ajiye bulowar ba na ji sallama a bakin get.

Jama'a, ko kiran la'asar ba a yi ba! Wane irin mutum ne ake ce masa bayan la'asar ya zo kafin la'asar? Wai gudun cunkoson hanya.

Umma ta damƙi hannuna. Na ce, "Umma, tiren! Don girman Allah kar kowa ya taɓa tiren nan!"

"Wa zai taɓa miki tarkace? Rufe shi dai kar ya gani, ki tura wancan abin ƙarƙashin kujera."

Na yagi foyil na ɗora a sama a hankali kamar mai rufa wa jariri, na tura bulowa da farantin noti da ƙafa, Umma ta ja ni ɗaki. Yaya ya shigo da baƙo falo ya zaunar da shi, shi kuma ya sulale abinsa.

Abin da na manta shi ne Goggo. Duk wannan bidirin tana ɗakinta tana shafa turare, ba ta ji komai ba. Kuma Goggo tana da wata ɗabi'a: in za a yi baƙo sai ta cire tabarau, wai yana tsofar da ita. Ba tare da shi ba kuwa ko ni sai na yi magana take gane ni.

Ina tsaye Umma na ja min zif, na sa kwalli a ido ɗaya, sai na jiyo muryarta daga falo, tana rangaɗawa kamar mai sanarwa:

"Lale, lale da ɗana! Kai, ka taki sa'a, ga shi ma da zafinsa. Karɓi nan. Aikin hannunta ne, tun azahar take kansa!"

Na fizge daga hannun Umma, ɗankwali a karkace, takalmi babu, na yi falo da gudu na tsaya a bayan labule.

Ga abin da na gani. Goggo ta kama gefen tiren da bakin mayafinta ta ɗauka ta miƙa masa, shi kuma don ladabi ya tara tafin hannu biyu ya karɓa ta ƙasa, daidai tsakiya. A gurbin tiren har ta jera jug ɗin lemo da kofuna. Foyil ɗin sama ya ɗan zame, kusurwar koren allon ta leƙo. Shi kuma yana zaune a bakin kujera cikin farar riga mai guga, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, idonsa a kan kusurwar nan. Ko ƙiftawa ba ya yi.

"Ajiye mana ka ci, ɗana," in ji Goggo.

"Goggo, bari ya ɗan huce tukuna."

"Ai da zafinsa ya fi daɗi! Bari in kawo wuƙa."

Wuƙa, jama'a! Ta juya ta yi kicin tana ƴar waƙarta.

Na buɗe baki zan yi magana ke nan, sai ga sallamar Baba.

Ku da ba ku san Baba ba, tsohon shugaban makaranta ne. Zai yafe maka in ka fasa masa gilashin mota, amma ba zai yafe maka gaisuwar da ba ta cika ba. Har yau akwai ɗan maƙwabcinmu da ba ya amsa wa sallama, don ya taɓa gaishe shi hannu a aljihu. Ya shigo da fara'arsa, ya nufi baƙo, ya miƙa hannu.

Shan Ruwa ya amsa sallama a zaune. Na ga gwiwarsa ta motsa, jikinsa na son miƙewa da kansa irin na wanda ya saba. Ban san lokacin da na banko labule ba.

"Kar ka motsa!"

Hannun Baba na tsaye a iska. Shi kuma ya koma ya daskare, gumi na gangaro masa ta gefen kunne, ya ce da wata ƙaramar murya:

"Baba, a gafarce ni. Hannun ba zai samu ba yanzu."

Baba ya dube shi. Ya dube ni, ido ɗaya da kwalli ɗaya babu. Ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu, ya wuce ɗakinsa, ya rufe ƙofa ba tare da ƙara ba. A gidanmu in Baba ya buga ƙofa, da sauƙi. In ya rufe a hankali, to a fara addu'a.

Ga inda masu zagina suke da gaskiya. A wannan lokacin zan iya cewa, "Ajiye, tashi ka bi shi ka gaishe shi." Kalma nawa ce? Na ga yadda ya cije leɓe. Na san abin da tiren nan ke yi wa tafin hannunsa, yatsana ma bai daina zugi ba. Amma na dubi kusurwar koren allon nan, na tuna Litinin, na tuna zaman gidan da na sha, na yi shiru. Na zaɓi kwamfutata. Ban ji daɗin kaina ba, amma abin da na yi ke nan.

Goggo ta dawo da wuƙa da ƙananan faranti. Kafin in tare ta ta ɗage foyil ɗin, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓawa.

"Wannan wane irin kek ne kore, da wayoyi a jiki?"

"Goggo, cikin kwamfutata ne! Ja da baya, don Allah!"

"La'ilaha illallahu! Kwamfuta na ba baƙo?"

Ta zube a kujera, wuƙa a hannu. Umma daga bakin ƙofa ta ɗora hannu biyu a ka ta juya, na ji tana cewa ita dai ta shiga uku da wannan yarinya.

Haka muka zauna. Ni a ƙasa kusa da ƙafarsa ina gadin tire, shi a sama yana riƙe, Goggo a gefe tana salati ƙasa-ƙasa. Tunda aka fara zancen nan ban taɓa kallon fuskarsa da kyau ba sai ranar. Ashe yana da ɗan tabo a gira.

"Da zafi?" na tambaya, don ban san me zan ce ba.

"Kaɗan."

"Me ya sa ba ka ajiye ba tun farko?"

"An ce ko saukewa ba a yi."

"Wai ka karanta saƙon nan?"

"Har na maimaita. Rabinsa ban gane ba. Amma na gane ƙarshen."

Na sunkuyar da kai. Saƙon da na rubuta don in kore shi! Haushi ya kama ni, ban ma san na wa ba, nawa ko nasa ko na Goggo.

Sai da na kara bayan hannuna kusa da cif ɗin na ji babu sauran ɗumi, sannan na karɓi tiren na ɗora a tebur. Kafin in juyo ya dunƙule hannayensa ya zura cikin hannun riga. Ya roƙi Goggo ta yi masa iso wajen Baba. Ta je ta dawo ta ce wai yana hutawa. Ya ce ba komai, a gaishe shi. Lemon ma bai sha ba. Da zai fita na leƙa ta taga, na ga da gwiwar hannu ya tura ƙofar get.

Na kwashi kayana na koma ɗaki. Na shafa wa cif ɗin sabon man sanyaya, na mayar da fanka, na mayar da ma'ajiya da batir, na ɗaure notinan. Ta bango ina jin Umma da Goggo suna raba laifi, kowa na tura wa ɗaya. Ban da tabbas ko ɗaukar da Goggo ta yi ta riga ta kashe ta. Na rufe ido na danna.

Fanka ta juya. Na buɗe ido ɗaya.

Haske! Tas, babu layi ko ɗaya. Na buɗe gidana, ga falo, ga matakalar benen da na bari rabi, na juya shi hagu da dama yana tafiya sumul. Na yi wani ihu har Yaya ya leƙo da takalmansa a hannu.

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Shan Ruwa ne, amma wannan karon saƙon murya ne, abin da bai taɓa yi ba.

"A yi haƙuri da murya, yatsun ne ba sa latsuwa. Ta kama?"

Shi ke nan. Bai ce hannunsa ya tashi ba, bai ce me Baba ya ce ba. Ta kama?

Ban kai ga amsawa ba Umma ta ce Baba na kira. Bayan magariba ne, yana zaune a kujerarsa, Umma da Goggo a gefe kamar masu zaman makoki.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "yaron nan kada ya sake tako min gida."

"Baba, wallahi ba raini ba ne. Cikin kwamfutata ne a tiren, na gasa shi ne, in ya motsa..."

"Kin gasa? A ina?"

Na kafe ido a kan kafet.

"A falona. To wannan daban, za mu zo kansa. Yanzu ke kina gaya min saboda ƙarfe ya bar hannuna a iska? Ƴata ta daka masa tsawa a gabana, ya bi tata ya bar tawa? Tun bai shigo ba ke nan. In ya shigo fa?"

"Baba, hannunsa fa ya ƙone..."

"Da ya ajiye ai da bai ƙone ba. Na gama magana."

Na juya wajen Goggo, na ce ko ita za ta sa baki, ai ita ta kawo shi, ita ta miƙa masa. Jama'a, kun san me matar nan ta ce? Ta gyara tabarau, don yanzu ta mayar, ta ce:

"Ni dama tun farko na ga idonsa a tsaye yake."

Idon da ba ta taɓa gani ba sai dishi-dishi! Umma kuma, mai ajiyar zuciyar nan ta wata da watanni, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Nan take Goggo ta ɗauki waya ta fita tsakar gida ta kira uwarsa, ina jin ta tana cewa a dai yi haƙuri, abin ba rabo.

To ga shi. Maganar da na yi ta roƙon Allah in ji daga bakin Baba, yau na ji ta. Kamata ya yi in taka rawa. Na koma ɗaki na zauna gaban gidana da ke haske a sikirin, na rubuta masa, "Ta kama." Na ga alamar ya buɗe. Bai amsa ba. Na san dalili, saƙon Goggo ya riga nawa isa, shi kuma mutum ne da in an ce kar ya motsa, ba ya motsawa.

Litinin na farka tun kafin ƙararrawa. Hannuna da kansa ya lalubo waya. Babu komai. Na yi wanka na duba, babu. Na sa doguwar rigata baƙa da farin mayafi, na goge takalmi, na duba, babu. Na kunna kwamfuta don in tabbatar, ta kawo tas, na kashe na sa a jaka. Har na tsaya a kicin na sha ruwa kofi guda, ina sha ina jin haushin kaina. Wai ni ce nake jiran "kada a manta da shan ruwa"? Ni?

Baba ya ce shi zai kai ni, don duk fushinsa ba ya wasa da maganar aikina. Muna tafe, rediyo na ta surutunsa, jakar na kan cinyata na riƙe ta da hannu biyu. Kowane rami muka faɗa sai na ɗaga ta sama. A rami na ƙarshe kafin babban titi na dubi yadda na tara tafin hannuna a ƙarƙashinta, sai na tuna nasa a ƙarƙashin tire.

Na zaro waya na buɗe Shan Ruwa. Na rubuta: "Barka da asuba. Da fatan an tashi lafiya. A kula da hannu."

"Wa kike rubuta wa da sassafen nan?" in ji Baba, idonsa na kan hanya.

Zan iya cewa ƙawata. Zan iya cewa mutanen kamfani. Na dafa jakar na ce:

"Wanda ya riƙe min wannan ne, Baba."

Na danna tura.

Baba ya rage gudu. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi a hankali, ya kashe rediyo, sannan ya kashe motar. Ya juyo ya dube ni, na san yau sai an sake buɗe maganar da ya ce ya gama.